Tambayoyi Uku Kafin Ka Yanke Ƙauna

 

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, gaisuwarmu ta sauya. Ka ce wa mutum "ya gida?", sai ya ce "sai haƙuri". Haƙuri kuwa gaskiya ne, sai dai an cika ba da umarninsa ba tare da an nuna yadda ake yin sa ba. Abin da na zo da shi yau ke nan: wata 'yar dabara ta tambayoyi uku da mutum zai yi wa zuciyarsa in ta fara tafasa.

Ku ɗauki manomin masara a Doguwa. Ya ci bashin taki, tsutsa ta shiga gonar, abin da ya sa rai buhu arba'in ya dawo goma sha biyar. Da daddare yana zaune a kan buhu a zaure, tuwon ya huce a gabansa, yana juya hula a hannu. Asarar buhu ashirin da biyar ita ce ta same shi. Amma a wannan daren zuciya tana ƙara masa ƙarya uku: wai abin ba zai wuce ba, wai komai ya lalace, wai shi ne mara sa'a ko mara wayo. Masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Pennsylvania a Amurka, Martin Seligman, ya daɗe yana nazarin waɗannan ukun, ya nuna cewa su ne ke raba wanda ya faɗi ya tashi da wanda ya faɗi ya kwanta. Kowace ƙarya tana da tambayar da ke karya ta.

Ta farko: har yaushe? Amsar tana bakin tsofaffi. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973, da ciwon bushiya da ya kwantar da shanu a 1983, da farin 1984. Kowanne a lokacinsa an ɗauka ƙarshen duniya ne. Ku lura da wani abu: a daidai shekarun da fari ke ƙone gonaki, daga 1971 zuwa 1974, a nan ƙasar Bebeji ake gina madatsar Tiga, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwan ya cinye ƙauyuka da gonaki, mutane suka tashi suna kuka. Yau jikokinsu na kama kifi a tafkin, ruwan kuma shi ke shayar da tumatir da shinkafar rani a Kadawa da Kura. Kukan nan na gaske ne, amma wanda ya auna rayuwa da shekarar 1973 kaɗai bai ga rabin labarin ba. Don haka in abu ya same ka, je ka zauna wajen dattijon da ya haura saba'in, ka ce, "Baba, wace shekara ta fi ba ka wuya, kuma yaya kuka fita?" Ka saurara har ƙarshe.

Ta biyu: har ina? A nan sai ka yi irin lissafin mai rumbu. Ɗauki takarda, ko ka zana a ƙasa, gefe ɗaya abin da ya tafi, ɗaya gefen abin da ya rage. Manominmu zai rubuta buhu ashirin da biyar a hagu. A dama kuwa: gonar tana nan, shanun huɗa biyu, lafiyar jiki, awakin uwargida, ɗa a makaranta, da mutuncin da zai sa a sake ba shi bashi a kasuwar Kwanar Dangora. Mutanen Riruwai sun san wannan lissafi. Da aikin haƙar kuza ya tsaya a shekarun 1980, albashi ya yanke, amma ƙasar noma da damina mai yalwa ba su bi kamfani sun tafi ba, su aka koma wa.

Ta uku: ni kaɗai ne? Leƙa gonar maƙwabci. Tsutsar nan ta shigo Najeriya a 2016, ba ta tambayi sunan kowa ba. In ka rarrabe, za ka ga kasonka na laifi, wataƙila ka makara wajen feshi, da kason da ya fi ƙarfinka, irin farashin taki da ɗaukewar ruwa. Naka ka gyara. Wanda ya fi ƙarfinka kuwa a haɗu a kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai gargaɗi biyu. Shugabanni, kada ku ari wannan magana ku rufe bakin talaka da ita. Wanda ya natsu ya fi iya tambayar haƙƙinsa. Na biyu, in baƙin ciki ya hana mutum barci da abinci makonni, ko ya fara zancen gara mutuwa, ya wuce tambayoyina. A riƙe hannunsa a kai shi asibiti, akwai na ƙwaƙwalwa a Dawanau, kuma babu abin kunya a ciki.

Ɗalibai, ga aikin gida. Yau bayan isha'i, kowa ya ɗauko damuwa ɗaya da ke cin sa, ya yi mata tambayoyin nan, ya rubuta amsa. Sannan a ƙasan takardar ya rubuta abu guda da zai iya yi gobe kafin azahar. Manominmu, da ya gama nasa, ya ware mudu biyar na iri ya ɗaure, sannan ya ce a ɗumamo masa tuwon.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka.