Tsohon babur: agogo yana ƙarya, jiki ba ya ƙarya

Bayan girbi, ƴan makarantar yaƙi da jahilci na wani gari cikin jihar Maraɗi sun gayyato wani tsohon bakanike ya yi musu jawabi. Dalili kuwa, kowace shekara in kuɗin wake da gujiya sun shigo hannu, magidanta da samari suna zuwa birni sayen tsohon babur. Wasu su dace. Wasu kuma kafin damina babur ya kwanta cikin zaure, wahalar shekara guda ta tafi banza. Ga abin da ya gaya musu.

Ya fara da babur ɗin da ake ce ma CG. Ya ce kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fara ƙera CG 125 a shekara ta 1975. An yi shi domin ƙasashen da babur ke ɗaukar kaya masu nauyi, ba ya kuma samun kulawa sosai. Shi ya sa tsohonsa yake karɓar gyara. Amma kafin mutum ya biya, sai ya san tafiyar da babur ya yi.

Agogon kilomita

Ya ce mai saye yakan duba agogon kilomita, ya ga lamba kaɗan, ya yi murna. To, agogo yana ƙarya ta hanya huɗu.

Ta ɗaya, wata waya ce daga ƙafar gaba take juya shi. In ta tsinke, babur yana tafiya, agogo yana barci. Ta biyu, in ya kai 99999 sai ya koma sifiri, kamar sabo. Ta uku, ana cire agogon wani babur a ɗaura ma wani, ko a buɗe shi a maida lamba baya. Ta huɗu, agogon babur da ya fito daga Ingila ko Amurka mil yake ƙirgawa. Mil 10 kuwa kilomita 16 ne.

Daga nan ya ɗauki alli ya ba su lissafi a allo. Babur na 1985 ya cika shekara 40 a 2025. Agogonsa ya nuna kilomita dubu 12. Nawa ke nan a shekara? Wani ɗalibi ya raba, ya samu kilomita 300. Bakanike ya ce daga Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne. Wane babur ne zai shekara bai wuce wannan tafiya da ƴar ƙari ba? Sai kowa ya yi dariya.

A duba haƙora

Ya ce in aka je kasuwa sayen sa, ba a tambayar dillali shekarunsa. Baki ake buɗewa a duba haƙora. Haka babur yake.

A duba robar da ake ɗora ƙafa, da robar hannu, da ƙarfen taka birki. In sun side sun yi sulɓi, babur ya sha hanya. In kuma su kaɗai ne sabbi, a tambayi dalili.

A duba haƙoran da sarƙa ke hawa. In sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙugiya, sun ci aiki.

A duba kawunan kusoshin inji da na agogo. In sun ciccinye, an sha kwance su.

A tada babur da safe, inji yana sanyi. In hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya dinga fita, mai ne yake ƙonewa, galibi zobban fistan sun cinye. In bakanike ya buɗe inji ya ga 0.25, 0.50, 0.75 ko 1.00 bisa kan fistan, an taɓa faɗaɗa ramin fistan. Injin da bai yi tafiya ba, ba ya bukatar haka.

Wani dattijo ya ce: Malam, in babur ya daɗe a ajiye fa, ba sabo ba ne? Bakanike ya ce: Baba, zama ma ciwo ne. Tanki yana tsatsa, tsohon isansi yana toshe karbiratar, roba tana tsagewa. Taya ma tana faɗin shekarunta. Tun shekara ta 2000 ana buga lamba huɗu a gefenta. Misali 2318 yana nufin mako na 23 na shekara ta 2018.

Gyara

Ya ce kuskuren mutane shi ne su fara da fenti. Fenti ba ya kai mutum kasuwa. A fara da birki da taya, domin rai yana kansu. A zubar da tsohon mai da tsohon isansi. A wanke tanki da karbiratar da soson tace iska. A sa sabon buji. Sarƙa da haƙoranta tare ake canja su, don tsohon haƙori yana cinye sabuwar sarƙa. A gyara wayar agogo. Fenti shi ne na ƙarshe, in kuɗi ya rage.

Amfanin karatu

A ƙarshe ya ce kada kowa ya biya sai ya karanta lambar da aka buga a jikin ƙarfen babur, ya gwada ta da wadda ke cikin takardarsa. In sun saɓa, a bar shi, ko da araha ne. Mai yiwuwa na sata ne, mai saye kuma ya rasa babur, ya rasa kuɗi.

Wanda ya saya kuma, ya nemi ɗan littafi. Duk ranar da ya canja mai ko ya yi gyara, ya rubuta kwanan wata da lambar agogo. Ran da zai sayar, littafin ne shaidarsa. Ya ce su da suka iya karatu da lissafi, su riƙa raka ƴan uwansu kasuwa, kada a yi musu cinikin biri a sama.