Atina: Birnin da Ya Sami Kome, Sai Abu Ɗaya

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:16-34

 Yau za mu dubi Atina, babban birnin Helenawa, inda manzo Bulus ya yi wa'azi.

Arzikin Atina daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. A shekara ta 483 kafin haihuwar Almasihu, aka tarar da azurfa mai yawa a ma'adinan Lauriyon. Maimakon a raba kuɗin, sai suka ƙera jiragen ruwa na yaƙi. Da waɗannan jirage suka ci rundunar Farisa a Salamis a shekara ta 480. Daga nan ciniki ya bunƙasa, biranen maƙwabta suna kawo haraji. A zamanin Ferikilis aka gina babban haikalin gunkiyarsu Atena. Masana kamar Sokratis da Filato, duk 'yan birnin ne.

Amma annoba ta auka musu a shekara ta 430, Sifarta kuma ta ci su da yaƙi a 404. Sa'ad da Bulus ya iso, wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, Romawa ke mulki. Abin da ya rage shi ne gine-gine, da makarantu, da gumaka birjik. A cikinsu ya ga bagaden da suka keɓe wa wani allah wanda su kansu ba su san shi ba. Azurfa da ilimi ba su kashe ƙishin zuciyarsu ba.

Mu a Jos mun san wannan labari. Kuza ta jawo mutane daga ko'ina, ta gina gari, ta wuce ta bar mana kududdufai. Yanzu begenmu ya koma kan boko. Muna sayar da dankali da acca domin 'ya'yanmu su shiga jami'ar da ke Titin Bauchi. Wannan abu ne mai kyau. Bulus ma bai raina ilimin Atinawa ba, har ya ambaci mawaƙansu a Tudun Arasa. Amma ya nuna musu Mahaliccinsu, da Yesu wanda aka tashe shi daga matattu. Waɗansu suka yi ba'a, Diyonisiyas da Damarisa kuwa suka ba da gaskiya.

Iyaye, mun biya kuɗin makaranta. To, mun buɗe Littafi Mai Tsarki tare da yaranmu kuwa? Kada su dawo da digiri, Allah kuwa baƙo ne a gare su.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka sanar da kanka ga gidajenmu, cikin sunan Yesu. Amin.