Inbata Ta Tsaya Rana Tsaka: Lalacewa Ce Ko Tsaro?



Kukan da masu gyara suka fi ji game da inbatar da ke haɗe da layin wutar gari shi ne: rana tana tsaka, an ɗauke wuta, ita ma ta tsaya cik. Sai maigida ya ce jabu aka sayar masa. To, ba haka ba ne. Aikinta shi ne ta karɓi wutar faifan sola, mai gudu hanya ɗaya, ta mai da ita irin ta gari, bolt 230, mai kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Da layin gari take daidaita tafiyarta, kuma da gangan aka ƙera ta ta tsaya in ya mutu. In da za ta ci gaba da tura wuta, ma'aikacin da ya hau falwaya yana gyara, da zaton waya ba kome a cikinta, shi zai rasa ransa. Mai son haske sa'ad da NEPA ta ɗauke (sunan ya bar takarda tun 2005, amma bai bar bakinmu ba), sai ya nemi irin wadda ake haɗa wa batir.

In an dawo da wuta, a yi haƙuri, takan jira minti ɗaya zuwa biyar kafin ta kama. Wutar ta zo da rauni ko ta yi yawa, nan ma sai ta ƙi.

Ainihin abokan gabarta zafi ne da ƙura. Hazon hunturu yakan toshe mata fanka da kafofin shan iska, in kuwa ta ɗau zafi sai ta rage wutar da take bayarwa. A kafa ta a inuwa, a riƙa share ta da busasshen tsumma, faifan kuwa a wanke shi da sassafe kafin ya yi zafi. Da damina, in ta ƙi tashi da safe sai rana ta ɗaga, a zargi laima a mahaɗin waya, ko inda ɓera ya ci.

Gargaɗina a nan yake. Muddin rana tana kan faifai, wayarsa tana ɗauke da ɗaruruwan bolt, ko da an kashe inbata. A fara kashe makunnin gari, sa'an nan na faifai, a jira aƙalla minti biyar. Buɗe cikinta kuwa aikin ƙwararre ne. Kafin ku kira shi, ku rubuta lambar da ta nuna a fuskarta, da lokacin da ta nuna.