Gudun safe a Tsibirin Bull, da ranar da na tayar da dinyoyi

 Yau hirar tamu ta gudu ce, gudun motsa jiki, amma ba a titin unguwa ba. Zan kai ku ƙasar Ailan, birnin Dublin, inda na yi shekara guda ina karatun digiri na biyu. A bakin tekun birnin akwai wani tsibiri, Tsibirin Bull, a can na koyi gudu da gaske, a can kuma na sha wata kunya da har yau idan na tuna sai na sunkuyar da kai.

Bari in fara da tsibirin kansa, don labarinsa abin mamaki ne. Shekara ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce babu shi, in ban da 'yan tudun yashi da ruwa ke rufewa. Yashi ya addabi tashar jiragen ruwan Dublin, yana toshe bakin kogi, jirage na maƙalewa. Sai aka gina wata doguwar katanga ta dutse cikin teku, aka gama ta a 1825, don ta matse ruwan ya riƙa share hanyar da kansa. Dabarar ta yi aiki. To amma yashin da aka kora ai sai ya nemi wurin zama, sai ya riƙa taruwa a bayan katangar. Ciyawa ta fito, ta kama shi. Yau tsibirin ya kai kusan kilomita 5 a tsawo, faɗinsa bai cika kilomita ɗaya ba. A 1931 aka mai da shi mafakar tsuntsaye, ta farko a ƙasar. A 1981 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take ba kulawa ta musamman, a 1988 kuma ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar. Ku riƙe wannan sunan, Ramsar, zan dawo kansa.

Hanyoyin gudu fa? Wadda na fi bi ita ce zagaye. Za ka taso daga unguwar Clontarf, ka hau wata tsohuwar gadar katako. Ƙafarka na dukan katakon kamar ana buga turmi, mota ɗaya-ɗaya ke wucewa ta gefenka. Kana sauka ka hau kan katangar nan. In kana so ka miƙe har inda aka kafa wani dogon mutum-mutumi na Maryamu, wanda suke kira Tauraruwar Teku, daga nan ka hango jan bututun hayaƙi biyu masu ratsin fari na tashar lantarki a ƙetaren ruwa. Ka juyo, ka gangara rairayin bakin teku, Dollymount, ka fuskanci tsaunin Howth. Wajen rabin tsibirin akwai titin mota da aka cike ruwa aka yi a shekarun 1960, shi zai fitar da kai babban titi, ka karya hagu ka koma gadar katako. Ni agogona yakan ba ni kusan kilomita takwas. Masu nisan numfashi sukan haɗa da doguwar hanyar bakin ruwa ta Clontarf, ko su tsallaka titi su shiga lambun St Anne's, inda ake gudun kilomita biyar kyauta duk safiyar Asabar.

Abin da ba wanda ya gaya min da farko shi ne, a wannan wurin ba agogonka ke tsara gudu ba, teku ce. Sau biyu a yini takan cika, sau biyu ta janye. In ta janye, sai ta bar maka fili mai faɗi na jiƙaƙƙen yashi mai tauri, gwiwa ba ta jin komai, wallahi ya fi kwalta daɗi nesa ba kusa ba. In ta cika, sai ta tura ka sama cikin busasshen yashi, kowane taku ƙafa ta nutse, kilomita biyu ka ji kamar ka yi goma. Ga iska. Iskar wurin ba ta da mutunci ko kaɗan. Yawanci daga yamma take tasowa, ta tura ka a tafiya kana jin kai gwarzo ne, ka juyo ta tare ka a ƙirji ta karɓi bashinta.

Iskar ce ta jawo min abin da ya faru. Wata safiyar Janairu, sanyi kamar zai yanke kunne, teku ta cika maƙil. Na iso titin tsakiya a gajiye, sai na ga wata 'yar siririyar hanya da ƙafafun mutane suka fitar, ta bi bayan tsibirin, ɓangaren da ke kallon gari, tsakanin shingen filin golf da fadama. Na ce yauwa, ga mafaka. Na shiga. Ban yi mita ɗari biyu ba sai ƙasa ta tashi sama. Haka na gani, wallahi. Tsuntsaye ne birjik a kwance cikin gajeriyar ciyawar gishiri, ban ko lura da su ba, suka tashi gaba ɗaya da kuka. Ni kuwa me na yi? Na zaro waya ina ɗaukar bidiyo, har ina tunanin rubutun da zan ɗora a kai.

Da na dawo titi sai na tarar da wani dattijo tsaye da madubin hangen nesa a wuya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, samari, ka san daga ina waɗannan baƙaƙen suka zo? Na ce a'a, Baba. Ya ce daga can ƙuryar arewacin Kanada, inda ƙanƙara ba ta cika narkewa ba. Wata ƙaramar dinya ce, suna ce mata brent. Can take ƙwai da bazararsu, in sanyi ya matso ta ƙetaro teku, ta yada zango a Aisland, ta iso Ailan wajen Oktoba, ta zauna har Afrilu. Sauran ƙananan masu dogon baki da ke tare da su, a taɓo suke kiwo, suna tsintar tsutsa da ƙananan dodon koɗi. In teku ta cika ta rufe taɓon, ba abinci, sai su hau fadama su huta su jira. Wato daidai lokacin da ba su da wani wurin zuwa, lokacin na shigo musu. Ya ce duk tashi guda ƙarfi ne suka ƙona wanda sai sun sake ci za su mayar, ga yini gajere, ga tafiyar dubban kilomita na jiran su. Kuma ba ni kaɗai ba ne a ranar. Bayana mai kare zai zo, bayansa wani mai gudun.

Ku fahimci dalilin da abin ya yi min zafi. Ni ɗan ƙasar Haɗeja ne. Tun ina jami'a nake yawon makarantu ina magana kan dausayin Haɗeja da Nguru, da Baturiya, waɗanda su ma suna cikin jerin Ramsar ɗin nan da na ce ku riƙe. Na sha tsayawa gaban mutane ina cewa a bar tsuntsayen da ke zuwa mana daga Turai su huta. Mai farauta a wajenmu ko ba komai miya yake nema. Ni fa? Iska kawai nake gudu, da takalmi mai tsada. Kuma a raina na ɗauka mai gudu ba ya cikin masu ɓarna, tunda ba ya hayaƙi, ba ya zubar da leda.

Dattijon ya ƙara min da labarin zomaye. Da can tsibirin cike yake da zomon daji irin na Ailan, yanzu an daina ganin su, kuma karnukan da ake saki ba igiya na cikin abin da ake zargi. A tudun yashi ma akwai tsuntsayen da a ƙasa suke sheƙa cikin ciyawa lokacin bazara. Ita ciyawar kanta ita ke riƙe da yashin, in ƙafa ta kashe ta iska ta samu ƙofa. Can ƙarshen tsibirin ta arewa kuma akwai wasu dabbobin teku masu fuskar kare da ƙafafu kamar filafilai, sil, da ke fitowa su kwanta har su haihu. Tun 2023 hukumar birnin Dublin ta nemi jama'a su daina shiga fadamar da wannan ƙarshen na arewa gaba ɗaya, kare kuma a riƙe shi da igiya a tudun yashi. Ba katanga aka yi ba, alluna ne kawai. Gaskiya ni ina ganin allo kaɗai bai isa ba a wurin da ke manne da babban birni, amma wannan muhawarar wata rana ce.

Na goge bidiyon a motar haya kafin in kai gida. Daga ranar, kafin in ɗaura takalmi sai na duba jadawalin cikar teku a waya. In ruwa ya janye, in bi jiƙaƙƙen yashi, in juyo tun kafin allunan arewa. In ya cika, in tsaya kan katanga da titi da hanyar Clontarf, in bar iska ta yi yadda take so da ni. Wani abin dariya, daga kan titin tsakiyar nan na fi ganin dinyoyin da kyau, don sun saba da masu wucewa ta nan, ba sa ko ɗaga kai. Har filayen ƙwallon unguwa suke shiga su yi kiwon ciyawa, ka gan su a gaban raga kamar masu tsaron gida.

Masu sauraronmu da ke Dublin, na san akwai ku, in kun bi zagayen nan ku gaya min kilomita nawa agogonku ya nuna, don abokina ya dage nawa ƙarya yake.