Haƙƙin Mai Sana'ar Hannu: Jawabi Ga Taron Magidanta a Yelwa



Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa mazauna Yelwan Tudu, Yelwan Makaranta da sauran unguwanni, muna yi muku barka da zuwa. Abin da ya tara mu a yau shi ne ladan gumin masu sana'ar hannu a gidajenmu, wato masu ɗinkin hula, masu aikin wuyan babbar riga, dukawa, maƙera da masu saƙar tabarma da faifai.

Kowa ya san dalilin da ya sa sana'a ta zama jarinmu. Iyayenmu sun zo daga Kano, Katsina, Zariya da sauransu, kuma duk lokacin da ɗanmu ya nemi aikin gwamnati sai a tambaye shi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Wannan ya sa gidaje da yawa suka dogara ga allura da zare. Amma mu sani, sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Don haka kada wani ya taya kayanmu da wulaƙanci wai don mu baƙi ne.

To, yaya ake biyan mu? Ɗan kasuwa ya kawo yadi da zare, a raba wa mata a cikin gida, shi ne zai yanka ladan kowace hula. Mace ta yi makonni tana sukar allura har idonta ya yi rauni. In an kai hular Wunti ko Muda Lawal, ko aka wuce da ita Kano, ba ta san nawa aka sayar ba. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin abinci da na mota sun tashi, ladan ɗinki kuwa yana tafiyar hawainiya.

Wani zai ce ai akwai dokar mafi ƙarancin albashi. Haƙiƙa a watan Yulin 2024 an mayar da shi naira 70,000 a wata. Sai dai dokar ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya gwargwadon abin da ya gama ba. Ke nan mai ɗinkin hula tana wajen inuwarta. Duk da haka za mu iya ɗaukar ta a matsayin ma'auni. A raba 70,000 gida 26, kwanakin aiki na wata, za a sami kusan naira 2,700 a yini. Aikin da ya ci cikakkun yini goma ladansa ya doshi 27,000 ke nan, ban da kuɗin zare. Kowa ya auna wannan da abin da yake karɓa.

Ba mu ne muka fara wannan magana ba. Akwai ƙungiyar cinikin adalci ta duniya, WFTO, wadda aka kafa a 1989. Cikin ƙa'idojinta akwai cewa a tsayar da farashi ta hanyar shawara da mai sana'a, a biya mace daidai da namiji in aikinsu ɗaya, sannan mai sayen kayan hannu ya ba da kafin alƙalami na aƙalla rabin kuɗi, ba ruwa a kai, idan an nema.

Saboda haka muna ba da shawara huɗu. Na ɗaya, masu kowace sana'a su haɗu su yi rajistar ƙungiyar gama kai, domin sashe na 40 ya ba mu 'yancin yin ƙungiya. Na biyu, su tsayar da ladan da ba wanda zai yi ƙasa da shi, a riƙa duba shi duk wata shida. Na uku, a rubuta kowane ciniki a littafi gaban shaidu, da ranar biya. Na huɗu, a yi adashi a sayo zare a sari, don kada bashin ɗan kasuwa ya ɗaure mana baki.

Kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wasu daga cikin masu ba da aikin nan 'yan'uwanmu ne, suna zaune a wannan taro. Ba mu ce dillali kada ya ci riba ba, ya dai faɗi gaskiyar farashi. Magidanta su bar wa mata kuɗin guminsu. Masu yara a shago su sallame su lokacin makaranta, su kuma ba su ladansu. Maƙwabtanmu masu sana'a na kowace ƙabila mu gayyace su, domin in suka karya farashi mu ma ya karye.

Sakatare zai buɗe littafin rajista bayan addu'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da Yelwa da Bauchi lafiya.