Idan Zarton Inji Ya Ƙi Karkata



Zancenmu yau tsohon injin yankan katako ne, wanda zartonsa ya ƙi karkata. Ka murɗa hannun karkata zarton, ya cije.

Kada ka sa ƙarfi. Na sake faɗa, kada ka sa ƙarfi. Guduma haƙoran giya za ta karya.

Da farko, zare wayar wuta. Sai ka kwance makullin da ke hana zarton karkata. Daga nan leƙa ƙarƙashin teburin injin. Yawanci garin katako ne ya cakuɗe da tsohon giris ya daskare, wani lokacin kuma tsatsa ce. Goge da burushi, ɗiga kananzir, ka jira. Da ya saki, shafa kyandir, domin giris yana kama ƙura.

Haƙuri ke gyara tsohon inji. Allah ya tsare yatsunku. Sai wani jiƙon.