Tuwo Kaɗan, Miya da Yawa: Lacca kan Tsarin Keto, Ƙiba da Ciwon Suga, a Totsi, Birnin Lome

 

Maganarmu a yau kan ƙiba ce da ciwon suga, da tsarin cin abincin nan da ake kira keto, wanda 'ya'yanmu ke gani a wayoyinsu. Tsarin ya daɗe. A 1921 ne likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi saboda masu farfaɗiya. A shekarar ce kuma aka gano insulin a Toronto ta Kanada, kuma kafin nan babban abin da likita ke iya yi wa mai suga shi ne hana shi abinci mai sitaci.

Hatsi da rogo da doya duk suga suke komawa a cikin jini, insulin kuma shi ke shigar da sugan cikin tsoka. Idan teɓa ta yi yawa, jiki yakan daina jin maganar insulin, sai suga ya taru. Mai bin keto yana rage sitaci ƙasa da giram 50 a yini, sai hanta ta koma sarrafa kitse tana fitar da sinadarin keton, ƙwaƙwalwa ta rayu da shi. Yunwa na raguwa, nauyi na sauka, suga ma haka. A 2019 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta amince cewa rage sitaci na saukar da suga ga masu ciwon suga nau'i na biyu.

To amma giram 50 nawa ne a kwanonmu? Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kusa cinye shi. Kwalbar lemo guda na ɗauke da kusan giram 35 na suga. Ku duba yininmu: da safe koko da suga, ko shayi da madarar gwangwani da burodi, da rana ayimolu ko fufu, da dare akume ko tuwon shinkafa. Keto na gaskiya ya hana waɗannan duka, ya ce nama, kifi, ƙwai, mai da ganye. Magidanci mai baki goma a gida, da wane kuɗi zai yi wannan kullum? Ɗan dako kuma zai ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yana da gaskiya. Ko a Turai kaɗan ne ke jure wa keto, shi ya sa bayan shekara guda bambancinsa da sauran hanyoyin rage ƙiba yake raguwa. Binciken DiRECT na Birtaniya, wanda aka buga a 2017, ba da keto aka yi shi ba, da rage yawan abinci aka yi, amma kashi 46 cikin ɗari na waɗanda suka rage abincin sugansu ya daidaita ba magani bayan shekara. Zubar da teɓar shi ne jigo.

Iyayena, ku saurari wannan da kyau. Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide, in ya yanke sitaci bai rage magani ba, sugansa na iya faɗuwa ya suma. Mai shan empagliflozin ko dapagliflozin, jininsa na iya yin tsami har rai ya salwanta. Mai nau'i na ɗaya, da mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, kada su taɓa keto sai da likita.

Ra'ayina shi ne cikakken keto magani ne na wasu, ƙarƙashin kulawar likita. Abin da ya dace da yawancinmu shi ne mu juya kwanon: malmala ɗaya maimakon biyu, miyar ayoyo, kuɓewa, kuka ko gboma ta cika wurin, da kifi, ƙwai, wagashi ko wake. Lemon kwalba ya zama na ranar biki, buɗa-bakin azumi ma a sassauta masa suga.

Iyayena mata, ludayi a hannunku yake, da ku muka dogara. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ya je asibitin unguwa ko na Sylvanus Olympio da ke Tokoin a auna sugansa kafin ya karya. In awo ya kai giram 1.26 a lita har sau biyu, ya ga likita a makon nan.